Ranar da Marke Ta Jefar da Duwatsunta

Wanda ya bi hanyar arewa a yau, ya tsaya a gindin tsaunin nan mai kama da tozon sa, ba abin da zai gani sai gidaje ashirin da 'yan kai, da rijiya ɗaya, da awaki suna hawa da sauka. In ka ce masa nan ne Marke, nan aka taɓa buga tambari, dariya zai yi maka. To, ya yi dariyarsa. Ni dai a can aka binne cibiyata, kuma abin da zan faɗa a bakin kakata na ji shi, ita ma a bakin tata kakar, wadda ta ɗauki dutse da hannunta a ranar da abin ya faru.

Ƙasar Marke ba ta da faɗi, ba zan yi muku ƙari ba. Mai doki in ya tashi daga iyakar gabas da hantsi, kafin la'asar ya shayar da dokinsa a iyakar yamma. Garin kansa a kafaɗar tsauni yake zaune. Dutse ya kare shi ta fuska uku, ganuwa ta kare ta huɗun, ƙofa ɗaya tak, hanya ɗaya tak mai hawa zuwa gare ta, siririyar da jakuna biyu da kaya ba sa gifta juna a cikinta sai ɗaya ya jira. A ƙasa kuwa Rafin Baƙi ya naɗe gindin tsaunin, ya shimfiɗa fadama mai rake da shinkafa da albasa. Unguwanni biyar ne a cikin ganuwa: Fada, Maƙera, Masaƙa, Marina, sai Masunta can bakin ƙofa, wai don kada ƙarnin kifi ya kai hancin sarki. Ƙauyuka huɗu suna kawo gaisuwa. Iyakar ƙasar ke nan, amma ɗan Marke in yana ba ka labarinta sai ka rantse watanni ake yi kafin a ƙetare ta.

A zamanin da nake magana, Sarki Bagudu ne a kan gado. Ba ya yanke magana shi kaɗai. Mutum huɗu suke zama da shi a zauren shawara: Galadima Tunau, wanda gari yake hannunsa in sarki ya fita, Madaki Jatau, mai yaƙi, Sarkin Noma, mai rabon fadama, sai Magajiya Kyallu, yayar sarki, wadda maganar mata duka take bakinta. Marke tana bin babban Sarkin Birnin Dambo, amma da tambarinta. Ma'anar tambari kuwa ita ce gari ya yi shari'arsa da kansa, ya raba gonakinsa da kansa. Dokar Dambo a kan wannan ɗaya ce: garin da magidantansa suka kasa ɗari biyar, a karɓe tambarinsa, a maida shi unguwa a ƙarƙashin maƙwabcinsa.

To, yaya ake sanin yawan mutanen Marke? Da tsibi. Daga cikin ƙofa, a wani ɗan fili da yake kallon hanya daga sama, akwai tulin duwatsu. Duk namijin da ya kafa gidansa, sai ya gangara Rafin Baƙi ya zaɓo dutse baƙi, sumul, kamar girman ƙaramar ƙwarya, maƙeri ya sassaƙa masa alamar gidansu, ya ɗauko shi a ka da hannu biyu, ba sanda ba wuƙa a jikinsa, ya ɗora a tsibi. Ranar da ya mutu, Galadima ya ɗauki dutsen ya maida shi rafi. Kuma akwai abin da ko jariri a Marke ya sha a nono: dutsen tsibi ba ya kwana a ƙasa. In ya gangaro, duk wanda ya gan shi, komai yake yi, sai ya ajiye ya maida shi kafin rana ta faɗi. In ba haka ba, sun ce, mai dutsen ba zai ga wata damina ba. Malamai sun yi wa'azi a kan wannan har sun gaji. Mutanen Marke su ce gaskiya ne malam, su tashi su je su maida dutse.

Shekara goma sha ɗaya kafin wannan labari, aka yi wata ambaliya da ba a taɓa gani ba. Da ruwa ya janye, sai aka ga Rafin Baƙi ya sauya hanya. Ya bar wa Marke wani ɗan zirin ruwa da fadama cike da yashi, ya kwashi albarkarsa ya kai ƙasar Tudun Gawo, tafiyar yini zuwa gabas. Samari suka bi ruwa. Yau biyu, gobe biyar, wasu Tudun Gawo, wasu gaba da nan. Amma ba wanda ya taɓa dutsensu, domin fitar da dutse daga tsibi daidai yake da cewa mutum ya mutu, kuma wa zai faɗi haka a kan ɗansa mai rai? Sai gari ya yi ta raguwa, tsibi yana nan yadda yake. Duk kaka Galadima ya ƙirga, ya zo ya faɗi gaban sarki ya ce ɗari tara, a yi guɗa. Kai, mutanen Marke!

Cikin waɗanda suka tafi har da Cindo, ɗan Galadima Tunau, shi kaɗai ne namiji a gidan. Ranar da ya nemi izini, uban ya ce masa, "In ka fita ƙofar nan, kada ka dawo." Cindo ya fita. Tun daga ranar Galadima bai ƙara ambaton sunansa ba, amma kowace safiya sai ya je tsibi, wai dubawa, kuma kowa ya san dutsen da hannunsa yake tsayawa a kai.

Damina ta yi nisa, gero ya kai gwiwa, sai wata safiya dutse ya gangaro daga tsibi ba iska ba girgiza. Wata mata da ta ɗebo ruwa ta sauke tulunta a tsakiyar hanya, ta ɗauke shi a ka ta maida. Tsofaffi suka ce akwai magana tafe. Kafin azahar kuwa sai ga Arzika, jakadan Sarkin Dambo, da mutum shida a bayansa. Aka shigar da shi zauren shawara, ya yi gaisuwa gajeriya, irin ta wanda ya san bayansa da ƙarfi.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarkin Marke. Ubangidanmu zai fita yaƙi kudu. Ya ce kowane gari mai tambari ya ba da mutum ɗaya daga kowane gida uku. An shaida masa tsibinku ɗari tara ne. Ɗari uku ke nan, nan da kwana biyar."

Jakada ya gyara zama, ya ƙara da murya mai laushi, "An kuma raɗa wa ubangidanmu cewa tsibin ya fi garin cika. In haka ne, ba laifi, ku faɗa mini yanzu, a rage muku. Sai dai in tafi da tambari. Sarkin Tudun Gawo, Maigizo, ya ce a shirye yake ya riƙe ku amana."

Nan kowa ya gane daga ina raɗar ta fito. Maigizo ya daɗe yana kwaɗayin tsaunin nan da ba a taɓa ci ba, kuma rabin samarin Marke a fadamarsa suke noma, ya san abin da ya rage a gari har da kaji. Aka kai jakada masauki, aka rufe zaure.

Madaki Jatau ne ya fara, yana huci. "Ranka ya daɗe, tun kakan kakanka ba a taɓa sauke tambarin nan daga maratayinsa ba. Mu koma unguwar Tudun Gawo? Mutanen da kakanninsu suke kawo mana kaji gaisuwa? A ba ni ɗari ukun, in je in dawo da su."

Sarkin Noma ya ce, "Zaki, ciyawa ba ta jiran a dawo daga yaƙi. In ɗari uku suka tafi, wa zai yi maimai?"

Magajiya Kyallu ba ta tashi ba, ba ta kuma rusuna ba, don ita ta goyi sarkin a bayanta. Ta ce, "Bagudu, ni ba dutse nake ƙirgawa ba, turmi nake ji. Da, in aka fara daka da safe a Masaƙa, ba ka jin kiran wanda yake kusa da kai. Yau ina zaune a ɗakina ina iya gaya maka turmin wace ce yake ƙara. Na aika mata gida-gida sun duba. Magidanta ɗari uku da arba'in ne a ƙasar nan, har da makafi da masu sanda. In ka ba da ɗari uku, ka bar mana arba'in, kuma a cikinsu babu mai cikakkun haƙora. Ku kwashe duwatsun waɗanda suka tafi ku kai rafi, ku faɗi gaskiya. Gara a ce da mu unguwa muna raye."

Sarki Bagudu ya gama sauraron kowa. Sa'an nan ya juya ga Galadima. "Tunau, tsibi a hannunka yake, kamar yadda yake a hannun ubanka. Maganarka ita ce magana. Mutanen Marke nawa ne?"

Galadima ya san lissafin Magajiya daidai ne, har ya riga ta sani. Amma ya san kuma in ya ce haka ne, gobe da hantsi shi zai tsaya a gaban tsibi yana zaro duwatsu ɗari biyar da sittin ɗaya bayan ɗaya, kuma a cikinsu akwai wanda hannunsa ya saba da shi.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, al'adarmu ba ta san wanda ya tafi ba, wanda ya mutu kaɗai ta sani. Ba a kawo mini gawar kowa ba. Mutanen Marke ɗari tara ne."

Shi ke nan, magana ta yanku. Da aka fito, Magajiya ta tare shi a bakin zaure, ta dube shi sama da ƙasa.

"Galadima, saboda dutse ɗaya ka sayar da gari."

"Magajiya, a yi mini adalci."

"Adalcin ke nan nake yi maka. Da wani ne, da a gaban sarki na faɗa."

A rana ta biyar aka buga tambari, Sarki Bagudu ya fita da kansa a gaban mutum ɗari uku, Madaki a damansa. Kakar kakata tana cikin matan da suka tsaya a kan ganuwa suna kallo har suka ɓace a bayan kukoki. Ta ce da aka juyo, garin ya yi mata kamar rigar babba a jikin ƙarami. Mata suka ɗauki fartanya suka gangara gonaki. Galadima Tunau ya zauna riƙon gari da tsofaffinsa arba'in, yana ta jin nauyin abin da ya faɗa.

Kwana tara da fitar sarki, da hantsi, wata mata daga Masunta ta hauro a guje, ba ɗankwali, tana cewa mutane suna ƙetare rafi, masu yawa, da baka da mashi. Aka kaɗa wa na gona ganga suka shigo, aka rufe ƙofa aka danne ta da itace. Maigizo ya yi wayo: da Dambo ta nemi mutane, ya ce 'yan Marke da suke ƙasarsa baƙi ne, ba a ƙirga su, ya ba da kaɗan ya ɓoye sauran. Yanzu ga su nan, mutum ɗari huɗu a ƙarƙashin Bardensa Kosau. Kuma a sahun gaba ya jera 'yan Marke su ɗari biyu da 'yan kai, domin su suka san hanyar. Ya ce musu ba jini za a zubar ba, iyayensu da sun ga fuskokinsu za su buɗe, a haɗa garuruwan biyu, kowa ya ci gaba da noman fadamarsa. Wanda ya ƙi zuwa kuwa, a karɓe gonarsa.

Barde Kosau ya tsaya inda kibiya ba ta kaiwa, ya ɗaga murya. "Galadiman Marke! Sarkin Tudun Gawo yana gaishe ka. Ya ji an bar ku ba mai tsaro, ya aiko mu mu tsare ku. Buɗe ƙofa, ka miƙo maratayin tambari, ba wanda zai rasa ko akuya."

Galadima ya hau ganuwa ya amsa, "Ka gaya wa Maigizo muna amsawa. Mai garin ya fita, ya bar mini ƙofa a rufe, a rufe kuwa zai same ta."

Yana magana idonsa yana bin sahun gaba. Ya ga 'ya'yan maƙera, ya ga 'ya'yan marina da hannuwansu da shuni ya daɗe da barinsu. Sai ya ga wani dogo mai gemu da tsayuwa irin ta gidansu, kansa a sunkuye. Shekara goma sha ɗaya, amma uba ba ya ɓata ɗansa. Galadima ya sauko da sauri.

Aka fara harbi. Tsofaffin nan sun yi abin da za su iya, wallahi sun yi. Suna ɗaga kibiya ta wuce kan 'ya'yansu ta sauka a kan mutanen Gawo da ke baya. Amma kwari arba'in nawa ne? Kafin azahar ta wuce kibau suka ƙare. Barde ya ga haka, ya sa aka saro wani ƙaton kututturen gawo, ya ɗora wa 'yan Marke, ya sa maharbansa a bayansu, ya ce su hau da shi su fasa ƙofa. Suka hau. Bugu na farko, ƙasa ta zubo daga saman ƙofa. Bugu na biyu, itacen dannin ya yi ƙara.

Galadima yana tsaye a filin tsibi, yana neman abin jifa. Duwatsun tsaunin Marke manya ne a manne, ba mai iya ɓamɓaro su. An riga an jefa tukwane da turame da duk abin da hannu ya kai. Sai ga Magajiya Kyallu ta zo tana dogara sanda, mata a bayanta. Ta nuna tsibi da haɓa.

"Ga mutanenka nan ɗari tara, Galadima. Kai ka ce suna nan. To, ce musu su yi yaƙi."

Wani tsoho ya ce, "Subhanallahi! Magajiya, har da na sarki a ciki. Har da na 'ya'yanmu da suke bakin daga."

Ta ce, "Na sani. Rana ba ta faɗi ba tukuna. In ƙofar nan ta karye, ba tsibi, ba mai maida dutse har abada."

Bugu na uku ya zo. Galadima ya rufe ido ya buɗe, ya ce, "Ku jefa." Shi ya fara sa hannu, ya ɗauki nasa dutsen ya miƙa wa matar da take kusa. Kuma cikin hargitsin nan, ba wanda ya lura da ya sunkuya ta gefen tsibi, ya zaro ɗaya ya cusa a cikin rigarsa.

Mata suka yi layi daga tsibi zuwa kan ganuwa, dutse yana bin hannu. Kakar kakata ta ce dutsen mijinta ya zo hannunta, ta gane alamar, ta riƙe shi kamar numfashi uku, ta baya ta ce da ita ke dai miƙa, ta miƙa tana kuka. Duwatsu suka fara sauka a kan hanya. Ba kan masu kututture ake jefawa ba, bayansu ake nufa, amma dutse ba ya zaɓe, wasu sun samu a kafaɗa, wasu a ka.

Wani daga cikin masu ɗauke da kututturen ya dubi abin da ya faɗo gaban ƙafarsa. Baƙi, sumul. Ba irin dutsen tsauni ba ne. Ya juya shi da ƙafa, sai ga alamar gidansu, ta yayansa da ya bi sarki. Ya saki kututture ya dafe kai. Cindo yana gaba, ya waiwaya, ya ga hanya baƙi ƙirin da duwatsu suna gangarawa, ya ɗaga kai ya dubi rana, ta riga ta karkata.

Ya yi ihu, "Tsibi ne! Jama'a, tsibi suke jefarwa!"

Abin da ya biyo baya, Barde Kosau har ya mutu bai gane shi ba. A tsakiyar yaƙi, ƙofa saura bugu ɗaya, mutum ɗari biyu suka yar da mashinsu, suka kwance wuƙaƙe daga ɗamara suka yar, suka duƙa suna tsintar duwatsu suna ɗorawa a ka da hannu biyu. Ba shawara suka yi ba, ba wanda ya umarce su. Jikinsu ne kawai ya tuna. Kututturen da suka saki ya juya, ya bi siririyar hanyar nan yana gangarawa, mutanen Gawo kuwa a cunkushe suke ba wurin kaucewa. Ya share sahu uku kafin ya tsaya.

Barde ya yi ta ihu, "Ku ɗauki makamanku, mahaukata! Dutse ne fa! Dutse!" Da ya ga ba mai sauraronsa, ya ce wa maharba su harbe su. Kibau suka bi bayan mutanen da ba su da ko sanda.

Daga kan ganuwa Galadima ya ga 'ya'yan Marke sun jeru a bakin ƙofa, kowa da dutse a ka, kamar ranar da suka kafa gida. Tsofaffi suka ce kada a buɗe, dabara ce. Galadima ya ce, "Ba a taɓa rufe wa mai ɗauke da dutse ƙofa ba. Ku buɗe." Aka buɗe. Suka shigo, suka ajiye a filin tsibi, iyaye mata suna kiran sunaye. Sa'an nan suka juya, wannan ya ɗauki taɓarya, wancan galma, wancan guduma daga maƙera, suka fita da fushin mutanen da aka harba ta baya. Mai gangarowa ya fi mai hawa ƙarfi a hanyar Marke. Kafin la'asar sakaliya mutanen Gawo sun ƙetare rafi a warwatse, Barde a gaba ba hula.

Ba a tsaya murna ba, don rana tana gudu. Gari duka ya gangara tsintar duwatsu, maza da mata, har Magajiya da sandarta tana nuna wa mutane ƙarƙashin sabara. Galadima ya tsaya a fili yana ƙirgawa ana ɗorawa. Sau bakwai Cindo yana hawowa da dutse ya ajiye ya koma, ba ya duban ubansa, uban ma ba ya dubansa. A na takwas ya iso yana jan ƙafa, ya ajiye dutsen, ya durƙusa bai iya tashi ba. A lokacin aka ga rigarsa ta jiƙe ta baya. Kibiya ce ta shige shi tun a bakin ƙofa, ya karya bayanta ya ci gaba da aiki.

Rana ta taɓa kan kukoki. Galadima ya ce ɗari takwas da casa'in da tara. Mutane suka fara waige-waige.

Cindo ya ɗago kai, ya ce, "Baba, na duba ko'ina. Na sami naka, na sami na sarki. Nawa ne ban gani ba. Ba komai, ni na jawo."

Galadima Tunau ya durƙusa a gabansa, a gaban gari duka, ya sa hannu a cikin riga ya fito da shi.

"Naka ban jefa ba."

Cindo ya karɓa da hannu biyu. Bai iya ɗaga shi zuwa ka ba, sai uban ya tallafa masa, suka ɗora shi tare a kan tsibi, da sauran rana a sama.

Mutum ɗari biyu da goma sha biyu ne suka zauna ba su koma Tudun Gawo ba, daga baya suka kwaso iyalansu. Da Sarki Bagudu ya dawo bayan kaka, da jakadan Dambo ya sake zuwa da niyyar tafiya da tambari, Magajiya ta sa aka fito da mutane gida-gida, ba dutse ba, jakada ya ƙirga da bakinsa ya sami ɗari biyar da talatin. Ya hau dokinsa ya koma hannu wofi. Tambarin Marke ya ƙara shekara sittin a maratayinsa, kuma su ne shekarun da tsofaffinmu suke nufi in sun ce da.

Cindo bai ga wannan ba. Washegarin yaƙin, da hantsi, ya cika a ɗakin da aka haife shi. Bayan an dawo daga binne shi, Magajiya ta aika a ce wa Galadima ya zauna, za ta sa wani ya kai dutsen rafi, ba wanda zai ga laifinsa. Ya ce a gode mata, aikinsa ne. Ya je tsibi, hannunsa bai yi lalube ba. Ya ɗora shi a ka da hannu biyu, ya bi hanyar nan shi kaɗai, mutane suna matsa masa. Kakar kakata tana wanki a bakin ruwa lokacin da ya iso. Ta ce ya shiga har gwiwa, ya sunkuya ya ajiye shi a hankali, ya daɗe bai ɗauke hannunsa ba.